Babi na Takwas: Leza Ƙuna Ce, Warkewa Ita Ce Aikin

Duk wanda aka yi wa gyaran fatar fuska da leza, ƙona shi aka yi. Ƙuna ce da aka auna zurfinta da faɗinta, aka kuma yi ta da yardar mai fuskar, amma dai ƙuna ce. Hasken na'urar ba ya ɗauke tabo ya ajiye sabuwar fata a gurbinsa. Ɓare tsohuwar yake yi, ya bar wa jiki aikin gina sabuwa. Idan jiki ya yi ginin daidai, fuska ta yi sumul. Idan wani abu ya gitta, mutum ya tashi da abin da ya fi wanda ya kai shi asibiti muni. Sa'a guda da ake yi a kan gadon likita ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Babban ɓangaren yana cikin makonnin da ke biye, a ɗakin mutum, lokacin da likita ba ya kusa.

Masu talla hoto biyu suke nunawa, na kafin aiki da na bayansa. Babu mai ɗora hoton kwana na huɗu. Wannan babi a kan abin da ke faruwa tsakanin hotunan nan biyu yake.

Abin da hasken yake yi wa fata

A 1960 Theodore Maiman ya haɗa leza ta farko a Amurka, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan likitan fata Leon Goldman na birnin Cincinnati ya fara gwada ta a jikin mutum. A 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro leza mai aiki da iskar kabon, wadda aka fi sani da CO2. Ita ce ta zama uwar na'urorin gyaran fuska a shekarun 1990, bayan an iya sarrafa ta ta riƙa fitar da haske cikin ƙiftawa maimakon ta yi ta ci.

Sirrinta ruwa ne. Haskenta, mai tsawon zango na nanomita 10,600, ruwa ne ke shanye shi, fata kuwa mafi yawanta ruwa ce. Da hasken ya sauka, ruwan da ke cikin ƙwayoyin fata ya tafasa nan take ya zama tururi, saman fatar ya tashi. Zafin da ya ratsa ƙasa kuma ya sa zaren kolajin, wanda ke riƙe da fata, ya tsuke, jiki ya shiga saƙa sabo. Wannan saƙa takan ci gaba wata uku zuwa shida, har ma fiye. Akwai ƙanwarta, leza mai abiyom, mai zango 2,940. Ruwa na shanye haskenta fiye da sau goma a kan na CO2, don haka ba ta nitsewa sosai, ba ta barin zafi mai yawa, kuma ciwonta ya fi saurin rufewa.

A 2004 Dieter Manstein da Rox Anderson da abokan aikinsu a Boston suka fito da wata dabara. Maimakon a share fuska gaba ɗaya, sai a huda ta da dubban ƙananan ɗige-ɗige, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu. Ita ce ake jin masu aikin na ce wa firakshonal, kuma ita aka fi samu yanzu. Ta rage haɗari ƙwarai, amma ba ta kawar da shi ba. Idan aka cika yawan ɗigon, ko aka maimaita wuri ɗaya sau da yawa, zafin sai ya haɗe, a koma gidan jiya.

Daga ina sabuwar fata ke fitowa? Wanda ya ga dajin da gobara ta cinye ya san da damina ciyawa za ta dawo, domin saiwa na nan a ƙasa. Saiwar fata ita ce ramukan gashi da 'yan jakunkunan maiƙo da ke maƙale da su. A cikinsu ƙwayoyin da za su hauro su shimfiɗa sabon sama suke ɓoye. Inda suke da yawa, kamar kumatu da goshi da hanci, ciwo na rufewa da sauri. Inda suka yi ƙaranci, kamar wuya da ƙirji da bayan hannu, ko inda zafi ya nitse ya ƙone su, sai ciwo ya daɗe a buɗe. Ciwon da ya daɗe a buɗe kuwa tabo yake haifarwa. Kusan duk matsalolin da za mu ambata daga nan suke tasowa.

Kwana goman farko

Ya kamata mai karatu ya san yadda warkewa mai kyau take, don ya gane ta kauce idan ta kauce.

Daren farko fuska na raɗaɗi. Da safe mutum zai tashi ya ga ta suntume, wani lokaci idanu da ƙyar suke buɗewa. Wani ruwa mai ɗan launin rawaya yana tsattsafowa, yana ɓata matashi. Wannan ba mugunya ba ce, ruwan jiki ne. Kumburin yakan kai ƙarshe a kwana na biyu ko na uku, sannan ya fara sauka, shi ya sa ake so a kwanta a kan matashi biyu ko uku. Bayan kowane 'yan sa'o'i za a wanke hannu da sabulu, a jiƙa tsaftataccen gos da ruwan da aka tafasa ya huce, wani likitan ya ce a ɗiga ruwan khal kaɗan a ciki, a shimfiɗa a fuska na kamar minti goma, a ɗauke a hankali ba tare da gogawa ba, sannan a shafa basilin. Manufar ita ce kada ciwon ya bushe ya yi ɓawo mai tauri, domin ƙwayoyin fata a kan danshi suke rarrafawa. Daga kwana na biyar ƙaiƙayi yake farawa, hannu ya riƙa kai kansa fuska, musamman cikin barci. A yanke farce. Tsakanin kwana bakwai zuwa goma, idan aikin CO2 ne na share fuska duka, fatar takan rufe. Na ɗige-ɗige ya fi sauri: fuskar ta yi duhu da kaushi, ta cika da ƙananan baƙaƙen ɗigo a jere, su zube da kansu cikin mako guda.

Ƙa'ida guda ce za a riƙe: zafi kullum raguwa yake yi. Ranar da aka tashi aka ji ya fi na jiya, akwai magana. Haka nan zazzaɓi, wari, mugunya, ɓawo mai launin zuma ko kore, ko wurin da ya rufe ya sake buɗewa. Ko ɗaya aka gani, a nemi likita a ranar. Ba a cewa bari a ga gobe.

Ƙwayoyin cuta a buɗaɗɗiyar fuska

Fata katanga ce, leza kuwa ta rushe ta na ɗan lokaci. Abokan gaba uku ne aka fi tsoro.

Na farko yana cikin jikin mutum tun tuni. Shi ne bairos ɗin hapis, mai kawo ƙurajen nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da shi, da yawansu kuma bai taɓa fito musu ba. Yana kwance a jijiya, zafin leza ya tashe shi. Da yake babu saman fata, ba ya yin ƙurji mai ruwa da za a gane shi da shi. Sai dai a ga ƙananan gyambuna masu azabar zafi suna yaɗuwa, kuma yana iya mamaye fuska ya bar tabo. Shi ya sa ƙwararru ke fara ba da asiklobir ko balasiklobir tun kwana ɗaya kafin aiki, a ci gaba da sha har fata ta rufe, ko da mutum ya ce bai taɓa yin ƙurjin leɓe ba.

Na biyu bakteriya ce, musamman sitafilokokus da ke zaune a hancin mutane da yawa, da sudomonas mai son ruwa da danshi. Nan ne batun ruwa ya zama babba a wurinmu. Ruwan rijiya, ruwan tanki, ruwan jarkar mai ruwa, duk ba su dace da ɗanyen ciwo ba. Mai sallah zai taɓa fuskarsa da ruwa sau da yawa a yini, zai kuma kai goshi ƙasa. Ya tanadi tafasasshen ruwa a buta ta daban, ya shimfiɗa wankakken ƙyalle a wurin sujada. Hukuncin shafa a kan abin da aka rufe ciwo da shi sananne ne a fiƙihu, sai a tambayi malami tun kafin ranar aiki. Hijabi da niƙabi da rigar matashi kuma a riƙa canzawa kullum, a wanke a goge.

Na uku fangas ne mai suna kandida, wanda yakan bayyana a mako na biyu da ƙaiƙayi mai tsanani da fari-fari a kan ciwon. Ya fi kama masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe bakteriya.

Akwai kuma ɓarnar da ƙauna ke jawowa. Duk wanda ya zo dubiya yana da magani: wannan ta ce zuma, waccan ta ce man kaɗanya, wani ya ce makilin ko jibi ko sifirit. A kemis kuma a miƙo man shafawa mai haɗe-haɗe. Fatar da ba ta da sama komai shanyewa take yi, kuma abin da bai taɓa damunta ba yanzu yana iya tayar mata da borin jini. Hatta man ciwo mai niyomaisin, da duk mai mai turare, an san su da wannan. A yi wa mai dubiya godiya, a ajiye maganinsa. Basilin ɗin ma, idan aka ci gaba da lafta shi bayan fata ta rufe, yana toshe ramuka ya kawo ƙuraje da ƙananan fararen ƙulle-ƙulle. Waɗannan suna wucewa, muddin ba a matse su ba.

Launi, babbar matsalar baƙar fata

A 1998 likitocin fata Christopher Nanni da Tina Alster na birnin Washington suka wallafa abin da suka gani a jikin mutum 500 da aka yi wa aikin CO2. Dukkansu fuskarsu ta yi ja, na tsawon wata huɗu da rabi a matsakaici. Kashi 37 cikin ɗari fatarsu ta yi duhu bayan aikin, kuma abin ya fi yawa ga masu duhun fata. Kashi 7.4 hapis ya tasar musu. Bayan shekara goma, a 2008, Alster da wasu abokan aikinta suka duba aiki 961 da aka yi da leza mai ɗige-ɗige wadda ba ta ɓare saman fata, suka samu matsala a kashi 7.6 kacal. Ci gaba ne babba. Amma duka binciken biyu a Amurka aka yi su, a hannun ƙwararru, a kan mutanen da mafi yawansu farare ne.

Likitoci na raba fata gida shida bisa ma'aunin da Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya faro a 1975. Gida na ɗaya fari ne sol da rana ke ƙonawa, gida na shida baƙi ne wuluk. Mafi yawanmu muna gida na biyar da na shida. Yawan ƙwayoyin da ke haɗa launi kusan ɗaya ne a jikin kowa, sai dai namu sun fi himma, kuma duk abin da ya fusata fata, ƙurji ne ko cizon sauro ko ƙuna, da ƙarin melanin suke amsawa. Kowa ya ga yadda ƙaramin ƙurji ke barin baƙin tabo na watanni. To, leza ta fusata fuskar gaba ɗaya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne lokacin zuwansa. A mako na biyu sabuwar fata takan fito da haske, ja-ja, ta fi wuya fari. Mai ita ta yi murna, 'yan'uwa su yi ta barka, ta fita unguwa. Sai a mako na uku ko na huɗu duhu ya fara sauka, wani wuri ya fi wani, har a riƙa ganin sawun na'urar a jere a kumatu. Idan launin a sama ya tsaya, yana gushewa cikin watanni. Idan ya zube zuwa ƙasan fata, yakan yi toka-toka ya shekara, ko ya shekara biyu. Masu baƙin tabon kumatu da ke zuwa da juna biyu ko maganin tazarar haihuwa su suka fi shiga haɗari, don sau da yawa yakan dushe ya dawo fiye da da.

Rana ce ke hura wannan wuta. A fata irin tamu ba hasken da ido ba ya gani kaɗai ke ƙara duhu ba, har hasken rana na fili yana yi, shi ya sa ake fifita man kariyar rana mai ɗan launi, wanda aka haɗa da sinadarin ƙarfe, a kan fari zalla. A shafa kowace safiya, a sake shafawa idan an yi gumi ko alwala, a haɗa da malafa ko lema. A nisanci zaman gaban murhu. Wanda ya sa ranar aikinsa a tsakiyar bazara, ko yake yini a kan babur ko a kasuwa, ya ɗora wa fatarsa kaya. Hunturu ma da nasa, don ƙura da bushewa ba sa ƙaunar ɗanyen ciwo.

Duhun nan yana da magani, amma a hannun likita: haidirokinon na ɗan taƙaitaccen lokaci, ko tiretinoyin, ko asid ɗin azelik, tare da haƙuri. Babban kuskure shi ne a koma da sauri a ce a sake bi da leza don a goge baƙin. Ƙari a kan ƙari ke nan.

Kishiyarsa ta fi shi ban tsoro. Idan zafi ya nitse ya kashe ƙwayoyin launi, fata takan yi fari, kuma farin ba ya bayyana sai bayan wata shida zuwa shekara guda, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Sau da yawa ba ya komawa. Farar fuska tana ɓoye shi. A baƙar fuska kuwa daga nesa ake hango shi, da layi a muƙamuƙi inda aikin ya tsaya.

Fatar da ta sha man bilicin

Wannan batu ba a cika samun sa a littattafan da aka rubuta a Turai ba, amma mu ba za mu tsallake shi ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Mayukan nan, da haɗin da ake sayarwa a roba babu suna, yawanci suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, ko haidirokinon, ko zaiba. Da yawa daga masu neman leza ɓarnar mayukan ce ta kai su: nankarwa, ƙuraje, jijiyoyi da suka fito, da baƙin nan mai shuɗi-shuɗi da haidirokinon ke bari a kumatu bayan shekaru.

Haɗarin iri biyu ne. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya rage mata ƙarfin saƙa kolajin, ya danne garkuwarta. Ƙarfin haske da lafiyayyar fata za ta ɗauka, wannan huda ta zai yi, ciwon ya ƙi rufewa, ƙwayoyin cuta su samu wuri. Na biyu, mai aikin yana duban launi ne ya saita na'ura. Mace ta zo da fuska fara tas, a ɗauke ta 'yar gida na uku, alhali ƙwayoyin launinta na gida na shida ne, kuma da aka taɓa su za su amsa da asalinsu.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan likita ya tambaye ki abin da kike shafawa, ki faɗa masa duka. Ki zuba robobin a jaka ki kai masa. Ki nuna masa hotonki na da. Ba wurin jin kunya ba ne. Kada kuma ki yanke man rana ɗaya da kanki, domin fatar da ta saba da sitiroyid bore take yi idan aka janye shi farat ɗaya. A hankali ake yaye ta, a ba ta watanni ta farfaɗo, sannan a yi maganar leza.

Tabo, wuya da ido

Tabo mai tudu shi ne abin da kowane likita ke gudu. Yakan biyo bayan ciwon da ya ruɓe, ko zafin da ya yi yawa, ko ɓawon da aka ɓamɓare da farce. Wuraren da ya fi so su ne layin muƙamuƙi, saman leɓe, da wuya. A 2009 likitoci a Amurka suka wallafa rahotannin mutanen da wuyansu ya yi tabo bayan CO2 mai ɗige-ɗige, a daidai lokacin da ake ganin sabuwar na'urar ba ta da haɗari.

Littattafai sun ce alamar farko ita ce wuri ɗaya ya ci gaba da ja bayan sauran sun dushe. A baƙar fata jan nan ba ya fitowa fili, sai dai wurin ya yi duhu. Don haka ido kaɗai bai isa ba, sai an sa yatsa. Daga mako na uku, bayan an wanke hannu, a riƙa bin muƙamuƙi da gefen baki a hankali. Idan aka ji wani wuri ya yi tauri, ko ya ɗan taso, yana ƙaiƙayi ko zafi, a koma asibiti. A wannan mataki man silikon, ko allurar sitiroyid a cikin tabon, na iya kwantar da shi. Bayan ya yi shekara aikin ya yi wuya. Wanda hujin kunne ko askin ƙeya ko tiyata ta taɓa bar masa tabo mai tsiro, wato kiloyid, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata, ko yake da shi a dangi, ya faɗa tun farko. Mai yiwuwa amsar da ta dace da shi ita ce kada a yi.

Fatar ƙasan ido tana cikin mafi siranta a fuska. Idan ta tsuke fiye da kima sai ta janyo gefen ido ƙasa, cikinsa ya juyo waje, hawaye ya riƙa zuba, idon ya bushe. Wani yana komawa da tausa da magani, wani sai an yi tiyata. Tsofaffi da waɗanda aka taɓa yi wa aikin fatar ido sun fi fuskantar haka. Shi kansa hasken yana ƙona ƙwayar ido, don haka dole a rufe idanu da murfin ƙarfe na musamman, auduga ba ta wadatar ba. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta zama zahiri.

Ko man kashe zafi da ake shafawa kafin aiki yana da iyaka. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar mata biyu, 'yan shekara 22 da 25, waɗanda suka lafta irin man nan a ƙafafu suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi da leza. Maganin ya ratsa cikin jini ya yi musu illa. Ba abin da za a ba mutum ya je gida ya shafa yadda ya ga dama ba ne.

Kafin a sa rana

Akwai waɗanda ya kamata su dakata: mai juna biyu, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan taba, mai raunin garkuwar jiki, mai ƙurajen da ke kan ganiyarsu, da mai ciwon da ke sa fata dabbare-dabbaren fari, domin rauni na iya jawo shi zuwa sabon wuri. Mai shan aisotiretinoyin, maganin ƙuraje da aka fi sani da Roaccutane, shi ma ya faɗa, don maganin yana ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon da warkewa ta dogara da su. A da ana jiran wata shida zuwa shekara. A 2017 ƙwararru suka sassauta wannan ga ayyuka marasa zurfi, amma ban da na share fuska duka.

Amarya ta yi lissafi da kyau. Aikin da aka yi saura wata guda biki, duhunsa zai sauka ne daidai makon kamu da ɗaurin aure, lokacin da ake son dilka da kurkur da kwalliya mai nauyi, waɗanda duk ba su halatta ga sabuwar fata ba. Wadda ke so, ta ba da tazarar wata shida aƙalla.

Mai tafiya Dubai ko Alƙahira ko Indiya ko Turkiyya ya tuna cewa matsalolin nan ba a ranar aiki suke zuwa ba. Cuta a makonni biyun farko take zuwa, duhu a wata na farko, tabo a na biyu, fari bayan rabin shekara. Wanda ya hau jirgi a kwana na uku, wa zai duba shi? Ya karɓo rubutaccen bayanin irin na'urar da ƙarfin da aka sa, ya kuma san likitan fatar da zai gani a gida tun kafin ya tafi. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika suna da likitocin fata.

A gida kuma na'urorin nan sun yi araha, sun shiga shagunan gyaran jiki. Araha ba ta ado. Mai riƙe da na'ura ya zama wanda zai iya gane hapis a fuskar da ba ta da sama, ya kuma rubuta maganinsa. A tambaye shi ko likita ne mai rajista da hukumar MDCN. A nemi ganin hotunan masu launi irin na mutum, waɗanda aka ɗauka bayan wata shida. A nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri a gaban kunne, a jira wata guda ko fiye a ga amsar fatar. A tambayi lambar da za a kira da tsakar dare. A kuma tambayi ko akwai wata hanya, domin ga tabon ƙuraje a baƙar fata akwai dabarun huda da ƙananan allurai da ba su cika tayar da launi kamar leza ba. Mai son goge bille ko wata tsagar gado ya sani cewa yankan ya nitse cikin naman fata. Leza na iya lausasa gefensa, ba ta shafe shi.

Leza na'ura ce mai amfani, ta gyara tabon ƙuna da na ƙuraje ga mutane masu yawa, har da baƙaƙen fata, idan aka sassauta ƙarfinta, aka raba aikin zuwa zama da yawa, aka yi haƙuri. Amma ba dole ba ce, kuma jinkirta ta ba ya cutar da kowa. Kai ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, idan mai aikin bai tambayi abin da kuke shafawa ba, bai duba tsoffin tabonku ba, bai yi maganar gwaji ba, bai kuma sa muku ranar dawowa ba, ku ɗauki kuɗinku ku nemi wani.